Gyara ko Saye: Shawarar da Muka Yanke a Kan Birkin Motarmu

Jama'a, a wannan fitowa muna so mu ba ku labarin wata 'yar gardama da ta tashi tsakaninmu a kan motar nan tamu ta haya, wadda ta ke ɗaukar kaya daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid zuwa cikin birnin Riyad. Waɗanda suka zo taron ƙarshen wata sun ji wani sashi na maganar, amma da yawa ba su samu zuwa ba. Ga shi kuwa mun fara jin ƙishin-ƙishin, waɗansu na cewa an kashe kuɗin asusu a banza, waɗansu kuma na cewa an yi rowa a inda rowa ba ta kamata ba. To, tun da ya ke littafin lissafi a hannunmu ya ke, mun ga wajibi ne mu faɗi yadda abin ya gudana daga farko har ƙarshe, har da inda laifi ya faɗo a kanmu.

Kowa ya san motar. Irin matsakaiciyar motar kayan nan ce da mutanen ƙasar nan su ke kira Dina. Gidaje goma sha biyu suka haɗa kuɗi aka saye ta, bisa sharaɗin cewa in an fid da albashin direba da na yaronsa, da kuɗin mai da na gyara, abin da ya saura sai a raba biyu, rabi na masu jari, rabi ya shiga asusun jam'iyya. Daga asusun nan ne a ke taimakon matan da mazansu suka rasu, da marayu, da wanda ciwo ya kwantar. Sabo da haka duk riyal ɗin da ya tafi gareji, a tukunyar wani gida aka rage shi. Filin jirgin nan kuwa, wanda aka buɗe a shekarar 1983, yana wajen kilomita 35 arewa da gari, kuma motar ta kan yi zuwa biyu ko uku kowace rana. Wani lokaci a kan samu kayan Dammam, tafiyar kilomita 400 ko kusa da haka zuwa bakin teku, wani lokaci kuma na garuruwan yamma ta hanyar Makka.

Ran nan da la'asar, zafi ya kai zafi, muna zaune a ofis wajen siton kaya muna cike takardu, sai direba ya leƙo ya ce, "Malam Akawu, in ka samu sarari fito ka ga wani abu." Muka fita. Tun kafin mu isa jikin motar muka ji ƙauri. Ya ɗauko gorar ruwansa ya yayyafa a ƙarfen tayar gaba ta dama, ruwan ya yi cuu, ya tashi tururi. Ya zagaya ya yayyafa a ta hagu, ruwan ya gangara abinsa. Ya ce kwana uku ke nan motar tana jansa dama in yana tafiya, in kuwa ya taka birki sai ta karkace hagu, kuma tana shan mai fiye da yadda ta saba. Muka ce masa ya sauke kayan da ya ɗauka, ya lallaɓa da ita wurin bakaniken nan ɗan'uwanmu da ke Sana'iyya, watau unguwar garejoji. Da dare bakanike ya aiko cewa kaliba ce ta dama ta cije.

Kafin mu ci gaba, bari mu yi wa waɗanda ba su san cikin mota ba bayanin wannan abu, don mu ma sai a wannan karo muka san shi sosai. A bayan kowace tayar gaba akwai wani faifan ƙarfe mai juyawa tare da ita. A bakin faifan an kafa wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi, shi ne kanikawa su ke kira kaliba. Cikin muƙamuƙin nan akwai 'yan allunan birki guda biyu, ɗaya ta kowace fuska, su ne Larabawa su ke kira fahmat. In direba ya taka birki, man birki ya kan bi ta cikin bututu ya turo wani gwangwanin ƙarfe mai santsi, watau fistan, shi kuma ya matse allunan a jikin faifai, taya ta tsaya. Abin mamaki, babu wani sifirin da ke mai da fistan ɗin baya. Wani zoben roba ne mai kusurwa huɗu, yana zaune cikin wani ɗan kwari da aka sassaƙa a jikin kaliba. In fistan ya fito sai zoben ya ɗan lanƙwashe, in an ɗaga ƙafa sai ya miƙe ya janyo fistan ɗin baya kamar kaurin gashi. Zoben nan shi ke tsare mai kada ya zuba, shi ke kuma sakin taya. A waje kuma akwai wata rigar roba mai hana ƙura da ruwa shiga. In tsatsa ta kama fistan, zoben ba ya iya janyo shi, sai birki ya zauna a cije, yana gugar faifai har ya ɗau zafin da muka gani.

Bakanike ya ce hanya biyu ce. Ko a kwance kaliba a wanke, a sa mata sabon zobe da sabuwar riga, ko kuwa a sayo sabuwa sukutum. Kuɗin robobin ɗan kaɗan ne, bai kai ushirin kuɗin sabuwar kaliba ba, sai dai ladan aikin ya fi yawa. Ya kuma ce ko wace hanya aka bi, ba a taɓa gefe ɗaya a bar ɗaya, don in dama ta fi hagu kamu, ran da aka taka birkin gaggawa motar za ta juya.

Da muka kawo maganar gaban dattawa bayan sallar isha'i, nan fa aka rabu biyu. Ma'aji ya ce a gyara. Ya ce mu jikokin mutanen da suka zo ƙasar nan da ƙafa ne, kuma bai taɓa jin wanda ya jefar da takalmi don maɗaurinsa ya tsinke ba. Wannan magana tasa tana da tushe. Tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa mutanenmu su ke bin hanyar gabas zuwa hajji, kuma bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a mai yawa ta kwararo. Waɗansu suka tsaya a Sudan, a Mai Wurno da sauran garuruwan bakin kogi, waɗansu suka ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda bayan sun yi shekaru suna ƙwadago a hanya. Daga baya ne neman abinci ya kawo waɗansunmu Riyad. Wanda ya yi irin wannan tafiya ya san darajar faci da ɗinki, kuma haka aka rene mu. Ma'aji ya buɗe takardarsa ya nuna cewa kuɗin kaliba biyu sababbi zai cinye abin da aka ware wa gidaje uku na wannan wata.

Direba yana zaune can bakin tabarma, bai ce kome ba sai da aka tambaye shi. Ya ce, "Ranku ya daɗe, ni yaro ne a cikinku, ba ni da ta cewa a kan kuɗi. Amma ku a zaune ku ke lissafi, ni ne na ke gangara Dutsen Tuwaik da kaya tan uku a bayana, ga ɗan mutane a gefena. In an ce in hau gyararriya zan hau, amma zuciyata ba za ta kwanta ba." Duk wanda ya taɓa bin hanyar Makka daga Riyad ya san gangaren da ya ke nufi, inda hanya ta ke saukowa daga kan tudun ta miƙe ƙasa, mai kaya ya ga bai da abin dogara bayan Allah sai giya da birki. Wuri ya yi tsit. Waɗansu samari suka goyi bayansa, suka ce araha ba ta ado, a sayo sababbi a huta.

Mu kam, mu faɗi gaskiya, zuciyarmu tana wajen Ma'aji, don mun san abin da ke cikin asusu. Amma kunya ta hana mu cewa a yi tsimi da ran mutum a gaban idonsa.

Sai Baba, wanda ya fi kowa shekaru a cikinmu, ya gyara zama ya tambaya, "To, wa ya ga cikin abin nan a cikinku?" Aka dubi juna, babu. Ya ce, "Ashe tun ɗazu a kan ji ku ke gardama. A zamanin fatake, madugu ba ya yanke wa jaki hukunci sai ya ɗaga akumari ya dubi bayansa. In kurji ne a sa magani a ɗaura masa kaya, in miki ya ci nama a bar shi a zango. Gani ya kori ji. Gobe Ma'aji da Akawu da Direba su tafi tare, a kwance a gabansu."

Da safe muka tafi. Bakanike ya ɗaga motar, ya cire tayoyi, ya sauko da kaliba biyun ya ɗora a kan tebur. Ya sa guntun katako a bakin ta hagu, ya ce kowa ya janye yatsunsa, ya hura iska ta ramin mai, fistan ya fito da ƙara, fas. Ya goge ya miƙo mana. Yana ƙyalli kamar sabon cokali, babu tabo ko ɗaya. Rigar robar ta bushe ta fara tsattsagewa amma ba ta huje ba. Ƙusoshin nan biyu da kaliba ta ke zamewa a kansu sun bushe, sai dai ba su lanƙwashe ba. Yaronsa ya ruga ya kawo fetur a gwangwani zai wanke, ya daka masa tsawa. Ya ce robar birki ba ta shiri da fetur ko baƙin mai ko man giris na yau da kullum, kumbura ta ke yi ta lalace. Da man birki a ke wankewa, ko da maganin da aka yi musamman don haka.

Ta dama kuwa iska ba ta fid da fistan ɗinta ba, sai da aka yi dabara. Da ya fito, Ma'aji da kansa ya ce, "Subhanallahi." Rigar ta yage ta ƙasa, inda ido ba ya kai wa. Ƙura ta shiga ta cakuɗa da laima ta zama laka. Farin rufin da ke jikin fistan ya ɓare, ƙarfen ya yi ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Ma'aji ya ce, to, ba a sayar da fistan shi kaɗai? Bakanike ya ce, "Ana sayarwa, Alhaji, kuma da a nan abin ya tsaya da na ce a saya. Amma kawo farcenka." Ya kama yatsan Ma'aji ya bi da shi cikin kwarin nan da zobe ya ke zama. Tsatsa ta cinye gefensa, ya zama kamar bakin tsohuwar wuƙa. Ya ce sabon zobe ba zai zauna daidai a nan ba. Zai riƙe mako biyu ko wata guda, sa'an nan ya fara yoyo, kuma ba zai gaya wa kowa ranar da zai saki ba. Roba ana sake ta, fistan ana sake shi, amma jikin kaliba in ya ciwu ba shi da magani.

Muka tambaye shi abin da ya ɗaure mana kai. Muka ce, a garin da iska ta ke busar da wanki kafin a gama shanya, ina tsatsa ta samu ruwa? Ya yi dariya, ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin Riyad da ya kan haura digiri 45 shi ke busar da roba har ta yage. In ta yage kuma, ga wankin mota da ruwa mai ƙarfi, ga ruwan saman da ya kan zo wajen Maris da Afrilu ya kwanta a ƙarƙashin gadoji, ga laimar Dammam. Ban da wannan, shi kansa man birki halinsa ne ya sha laima daga iska sannu a hankali. Ya zuba mana wanda ya fito daga motar a kwalba, ga shi baƙi kamar shayin da ya kwana, alhali sabo fari ne tas kamar man gyaɗa tatacce. Ya ce, "Malam Akawu, yaushe rabon a sake man nan?"

Ba mu amsa ba, don ba mu sani ba. Da muka koma gida muka ɗauko littattafan shekara biyar muka bi su shafi shafi. Ga dizal, ga baƙin mai, ga taya, ga batir, ga kuɗin fahas, kowanne da ranarsa da rasiɗinsa. Man birki kuwa sau biyu muka same shi, kuma duka biyun ƙari ne aka yi, ba a taɓa zubar da tsohon an sa sabo ba. Mu muka ja layukan littafin da hannunmu, ba mu kuwa yi wa birki layi ba. Direba ba ya kai mota gyara sai mun rubuta masa takarda, mu kuma ba mu rubuta sai abin da ke da layi. Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a sake man nan kowace shekara biyu. Dalili kuwa, irin wanda a ke rubuta wa DOT 3 a jikin gwangwani, in sabo ne ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa wajen kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idarsa ta kan sauko zuwa 140. Mai lamba DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155. In man ya tafasa a kan gangare sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa ya ke yi, sai direba ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu kamu. Watau abin da Direba ya ke tsoro a Tuwaik yana nan tafe da shi tuntuni, ko da an sa masa sababbin kaliba huɗu, muddin tsohon man yana ciki. Wannan laifi namu ne, mun kuwa faɗe shi a gaban taro, muna kuma sake faɗinsa a nan.

To, ga shawarar da aka yanke. Kaliba ta dama an sayo sabuwa. Wani ya kawo shawarar a je tashlih, watau makabartar motoci da ke wajen Ha'ir kudu da gari, a ciro ta wata motar da ta yi haɗari, don ta fi araha. Ba mu yarda ba, sabo da ita ma ba a san cikinta ba sai an buɗe, in an buɗe kuma an koma inda aka fito. Ba mu kuma ɗauki mai arahar nan marar suna ba, mun biya kuɗin ta ainihi. Kaliba ta hagu an gyara ta, an sa sabon zobe da sabuwar riga, an shafa wa ƙusoshinta man da ya dace da su. An sake allunan birki na ɓangarorin biyu da tiyon roba guda biyu masu kai mai. Faifan dama ya yi shuɗi don zafi, aka auna kaurinsa aka ga bai sauka ƙasa da adadin da aka buga a jikinsa ba, sai aka goge shi tare da ɗan'uwansa. Daga ƙarshe aka zubar da tsohon mai duka, aka zuba sabo, aka fid da iska taya bayan taya. Motar ta yi kwana biyu ba ta aiki. Abin da aka kashe ya fi abin da Ma'aji ya so, bai kai abin da samari suka nema ba, kuma gida ɗaya ne kaɗai aka jinkirta wa taimakonsa zuwa wata mai zuwa, da yardar mai gidan.

Direba dai bai saki jiki da gyararriyar ba. Ran da ya zo karɓar takarda muka tsaya da shi muna kallon wani babban jirgi yana sauka, muka gaya masa abin da muka sha ji daga kanikawan jirage a wurin aikinmu. Jirgin nan ma da birkin faifai ya ke tsayawa. Hasali ma jirage sun riga yawancin motoci amfani da shi. Ko da ya ke wani Baturen Ingila mai suna Lanchester ya yi rajistar dabarar tun 1902, ba ta yi suna a mota ba sai da Jaguar ta ci tseren Le Mans da ita a Faransa a 1953. Birkin jirgi kuwa ba a jefar da shi don ya tsufa. Akwai wata 'yar ƙusa a jikinsa mai nuna yawan abin da ya ci. In ta kai iyaka sai a cire shi a kai ma'aikata, a kwance, a auna kowane ƙarfe, wanda ya wuce ƙa'ida a yar, wanda bai wuce ba a mayar, a rubuta duka a littafi. Mutum ɗari uku su hau su sauka lafiya a kan gyararren birki, don an auna an kuma rubuta. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Malam, a ja wa birki layinsa." Muka nuna masa, mun riga mun ja.

Bayan mako biyu lokacin fahas ya yi, watau binciken nan na shekara shekara da a ke yi wa motoci, wanda sai da shi a ke sabunta istimara. Aka ɗora tayoyin gaba a kan abin gwaji, aka taka birki, allo ya nuna dama da hagu kusan kai ɗaya. Takardar tana nan manne a littafi, duk mai so ya zo ya gani.

Saura mu yi kira ga 'yan'uwa masu motoci, don mun san suna da yawa a cikinmu, a nan da Jidda da Makka da Madina. In motarka ta fara ja gefe guda, ko ka ji ƙauri, ko taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi, kada ka ce sai ƙarshen wata. In bakanike ya ce gyara ko saye, kada ka yanke daga zaune, je ka tsaya a kwance a gabanka. In fistan yana da santsi, kwarin zobe lafiya lau, jikin bai tsage ba, gyara ya isa, kuma babu abin kunya a ciki. In tsatsa ta ci kwarin, ko jikin ya fashe, ko haƙoran ramin fid da iska sun mutu, rufe ido ka sayi sabuwa ko da bashi ne. Ko wanne ka yi, a duba gefen biyu rana ɗaya, a sake mai, a gwada a fili kafin a ɗora kaya. Sa'an nan ka rubuta ranar a wani wuri da za ka gani.

Muna roƙon gafarar masu jari da masu cin asusu a kan sakacin da muka yi, muna kuma gode wa Baba da ya hana mu yanke hukunci a kan ji. Allah ya tsare direbobinmu a hawa da gangara, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.

Wassalam.

Naku,
Akawun Jam'iyya, Riyad